Ɗalibai da Koyon Tsara Cikin Gida: Misalin Makarantar Bauhaus ta Ƙasar Jamus, 1919 zuwa 1933

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya ranar da aka gama jere ya san cewa shirya ɗaki ba aikin ganin dama ba ne. Akwai inda gado zai zauna, akwai inda za a jera kwanoni da tasoshi, akwai kuma wurin da tilas a bar shi fili domin baƙi su sami wurin zama. Matan da suka iya wannan aiki wajen iyayensu da yayyensu suka gani suka koya. To amma a ƙasashe da dama aikin ya zama fannin ilmi mai zaman kansa, ana karanta shi a jami'a, ana ba da digiri a kansa. Shi ne ake kira tsara cikin gida, watau sanin yadda za a raba fili, a shigo da haske da iska, a zaɓi launi, a ƙera kujera da fitila da labule, yadda ɗaki zai yi daɗin zama, ya kuma biya bukatar da aka gina shi dominta.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda ɗalibin wannan fanni yake koyo, da yadda yake zama tare da 'yan'uwansa. Maimakon a yi maganar a dunƙule, an zaɓi makaranta guda ɗaya, watau Bauhaus ta ƙasar Jamus. Dalilan zaɓenta biyu ne. Na farko, tsarin koyarwarta ya bazu cikin makarantun zane da gini na duniya, har ya zama da wuya a fahimci nasu ba tare da an san nata ba. Na biyu, tarihinta ya ta da tambayoyin da suka shafi ɗalibi da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya: shin aikin hannu yana da gurbi a babbar makaranta? Me kuma yake samun makaranta in hukumar da take ba ta kuɗi ta juya mata baya?

2.0 Asalin Makarantar

An buɗe Bauhaus a garin Weimar cikin watan Afrilu na 1919, 'yan watanni bayan an ci Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani masanin gini mai suna Walter Gropius shi ne ya kafa ta, ta hanyar haɗa tsofaffin makarantu biyu, ɗaya ta zane, ɗaya ta sana'o'in hannu. Ma'anar sunan ita ce gidan gini. Ra'ayin Gropius shi ne, raba mai zane da mai sana'a da aka yi a Turai ya cuci kowannensu: mai zane ya raina itace da ƙarfe, mai sana'a kuma ya tsaya kwaikwayon abin da ya tarar. Saboda haka ya ƙudura cewa duk ɗalibin da ya shigo sai ya riƙe zarto ko guduma ko ƙoshiya da hannunsa.

Har sunayen muƙamai sai da aka sake. Aka ajiye sunan farfesa, aka koma wa sunayen da masu sana'a suke amfani da su tun da can. Sabon shiga ɗan koyo ne. In ya yi shekara uku ya ci jarrabawar ƙungiyar masu sana'a, sai a yaye shi. Malami kuwa gwani ake kiransa. Wanda ya san yadda yaro yake tashi a maƙera ko a majema, daga zuga har ya kai ga a sallama masa, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Baƙon abin shi ne a ga wannan tsari a makarantar da gwamnati take ɗaukar nauyinta, a kuma ga manyan masu zane irin su Paul Klee da Wassily Kandinsky suna amsa sunan gwani.

3.0 Watanni Shida na Farko

Ba a barin sabon ɗalibi ya zaɓi sana'a nan take. Sai ya fara yin wata shida a ajin share fage, wanda daga baya aka mai da shi shekara guda. Wanda bai gamsar da malamai a nan ba, sai a sallame shi. Malamin farko na wannan aji shi ne Johannes Itten, mutumin Suwizalan. Yakan fara darasi da motsa jiki da gyaran numfashi, sa'an nan ya sa ɗalibai su tattaro tarkace daga bola da daji: guntun katako, waya, gashin tsuntsu, fasasshen gilashi, tsumma. Aikinsu shi ne su haɗa su yadda bambancin kowane zai fito, mai kaushi kusa da mai santsi, mai nauyi kusa da marar nauyi. Wani lokaci yakan sa su rufe ido su gane abu da taɓawa kurum.

Bayan tafiyar Itten a 1923, László Moholy-Nagy da Josef Albers suka karɓi ajin. Shi Albers tsohon ɗalibin makarantar ne, kuma ya shahara da darasin takarda. Yakan shigo da ƙunshin tsofaffin jaridu ya raba, ya ce kowa ya yi wani abu da su, ya fita. In ya dawo, wanda ya yanka takardar ya manna ya yi jirgi ko gida ba ya samun yabo. Wanda yakan burge shi shi ne wanda ya ninka ta kawai har ta tsaya da kanta, domin shi ne ya gano abin da takarda take iyawa, bai kuma ɓarnatar da komai ba.

Hikimar wannan aji a fili take. Mai tsara ɗaki da kayan aiki yake mu'amala duk rayuwarsa. In bai san cewa katako yana kumbura da damina ba, ko cewa launi ɗaya yana sake kama in an ajiye shi kusa da wani, to zanensa a takarda zai tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi ya sa aka sa wannan horo a farkon karatu.

4.0 Ɗakunan Sana'a

Wanda ya tsallake share fage sai ya shiga ɗaya daga cikin ɗakunan sana'a: kafinta, ƙira, saƙa, fentin bango, ginin tukwane, ɗab'i, aikin gilashi, ko wasan kwaikwayo. A zamanin Weimar kowane ɗaki yana da gwanaye biyu, ɗaya mai koyar da siffa da launi, ɗaya mai koyar da aikin hannu. An yi haka ne saboda a lokacin babu mutum ɗaya da ya haɗa biyun. Burin makarantar shi ne ɗalibanta su zama irin wannan mutum, kuma cikin shekara shida burin ya cika: da aka koma garin Dessau a 1925, tsofaffin ɗalibai ne suka karɓi shugabancin ɗakuna da dama.

Marcel Breuer, ɗan ƙasar Hangari, ya shigo a 1920 yana da shekara 18, ya kuma zama shugaban ɗakin kafinta a 1925. A wannan shekara ya lura da ƙahon kekensa, ya ga yadda aka lanƙwasa bututun ƙarfe bai karye ba, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Daga nan ya ƙera kujerar bututun ƙarfe, wadda jikokinta suka cika ofisoshi da asibitoci. A ɗakin ƙira, Wilhelm Wagenfeld da Carl Jakob Jucker suka yi fitilar tebur mai kan gilashi a 1924. Masu ginin tukwane kuwa a wani ƙaramin gari mai suna Dornburg aka ajiye su, kimanin kilomita 30 daga Weimar, suna koyo a wajen wani maginin tukwane na gado.

Abin lura shi ne aikin ɗalibai ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Tun a 1920 da 1921, da wani attajirin ɗan katako mai suna Adolf Sommerfeld ya ba Gropius ginin gidansa a Berlin, ɗalibai ne suka yi sassaƙar cikinsa da kujerunsa da labulensa da tagar gilashinsa, aka kuma biya su. A 1929 aka yi gasar zanen takardar manna wa bango tsakanin ɗalibai, kamfanin Rasch ya buga waɗanda aka zaɓa. Takardun ba su da furanni ko hotuna, sai launi mai sanyi da ɗan zane siriri, domin su dace da ƙananan gidajen ma'aikata. Babu wani kaya da ya kawo wa makarantar kuɗi kamar su. A wannan shekara ce aka haɗa ɗakunan kafinta da ƙira da fentin bango suka zama sashe ɗaya na tsara cikin gida, a ƙarƙashin Alfred Arndt. A 1932 Lilly Reich ta karɓi sashen.

5.0 Gidan Gwaji na 1923

Gwamnatin jihar da take ba da kuɗi ta matsa sai makarantar ta nuna wa jama'a abin da take yi. Amsar ita ce babban baje koli na 1923, wanda ginshiƙinsa wani ƙaramin gida ne da aka gina cikin wata huɗu, ana kiransa Haus am Horn. Georg Muche ne ya zana shi. Falo ne a tsakiya, haske yana shigo masa ta tagogin da suke can sama, ƙananan ɗakuna suna kewaye da shi, kowane da aikinsa guda.

Duk abin da yake ciki daga ɗakunan sana'a ya fito. Breuer ya yi kayan falo da na ɗakin uwargida. Alma Buscher ta tsara ɗakin yara, ta yi akwatunan da yaro zai iya zama a kansu, ya tura su kamar mota, ya kuma zuba kayan wasansa a ciki. Benita Otte da Ernst Gebhardt suka tsara madafi, suka jera wurin wanki da wurin yanka da murhu a jikin bango bi da bi, kabad sama da ƙasa, domin mai girki ta rage kai da kawo. Abin da a yau kowa ya saba gani a kicin na zamani, a lokacin sabo ne fil.

Darasin da ɗalibai suka ɗauka a nan shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai darduma tilas ta san launin bango, mai fitila tilas ya san tsawon tebur. Ɗaki abu ɗaya ne, ko da mutum goma suka yi shi.

6.0 Ci da Kwana da Wasa

Shekarun Weimar na yunwa ne. Darajar kuɗin Jamus ta yi ta faɗuwa, har a watan Nuwamba na 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Ɗalibai da yawa tsofaffin sojoji ne da ba su da ko sisi. Wasu da tsofaffin kayan soja da aka rina suke yawo. Makaranta ta buɗe ɗakin cin abinci mai rahusa, aka kuma yi lambu ana noma kayan miya. Na wani lokaci mabiyan Itten suka mamaye madafin, suka hana nama, suka cika abinci da tafarnuwa bisa wata aƙida ta tsarkake jiki da malaminsu yake bi. Shi kansa ya aske kansa ƙwal, yana sa wata doguwar riga da ya tsara, almajiransa suna kwaikwayonsa. Mutanen gari, waɗanda suke alfahari da cewa garinsu ne garin Goethe da Schiller, suka ɗauki ɗaliban a matsayin taron mahaukata.

A Dessau abubuwa sun gyaru. Sabon ginin da aka buɗe cikin watan Disamba na 1926 yana da ɓangare mai hawa biyar, da ɗakuna 28 na ɗalibai da ƙananan malamai. Kowane ɗaki yana da wurin gado da aka shigar cikin bango, da kabad, da wurin wanke hannu, da yawansu kuma suna da 'yar baranda. Ɗakin cin abinci yana manne da dandalin wasa, dandalin yana manne da zauren taro, in an zuge bangayen da suke tsakani sai su zama fili ɗaya. Kujerun zauren da fitilun da launin bangon duk aikin ɗakunan sana'a ne. Watau ɗalibi yana kwana yana tashi cikin darasinsa. A wannan shekara ce kuma hukuma ta ɗaga makarantar zuwa matsayin babbar makaranta, gwanaye suka koma ana kiransu farfesa.

Wasa kuwa wani sashe ne na manhaja, tun a takardar kafa makarantar aka rubuta shi. A Weimar akwai bikin fitilu, inda kowa yake ƙera tasa a zagaya gari da dare, akwai kuma bikin sakin tsuntsayen takarda a iska cikin kaka. Ɗalibai suna da ƙungiyar makaɗa tasu. A watan Fabrairu na 1929 aka yi bikin ƙarfe a Dessau, aka lulluɓe bango da farantan ƙarfe masu ƙyalli, mahalarta suka zo sanye da gwangwani da waya da cokula. Kowane biki yana cin makonni ana shiri, ana sake kamannin ɗakuna da kaya masu araha. Wanda ya iya mai da zaure wata duniya dabam da takarda da fitila, ya riga ya koyi rabin sana'arsa.

7.0 Ɗalibai Mata

A zangon farko mata 84 suka yi rajista, maza 79. Gropius ya yi alkawarin ba za a nuna bambanci ba, amma alkawarin bai cika ba. Da malamai suka ga yawan matan, sai aka shiga karkata su zuwa ɗakin saƙa. Anni Albers aikin gilashi ta so, saƙa aka ba ta. Marianne Brandt ta kutsa ɗakin ƙira a 1924, aka tarbe ta da ayyuka masu gundura ko za ta gaji ta fita. Ba ta fita ba. Ta ƙera butar shayi da ta zama ɗaya daga cikin sanannun kayan makarantar, ta tsara fitilun da kamfani ya yi ta sayarwa, a 1928 kuma ita aka ba riƙon ɗakin.

Su kuma masaƙan, wurin da aka tura su don a rage su, shi suka ɗaukaka. Gunta Stölzl da Benita Otte suka tafi garin Krefeld suka koyo rini. Ɗaliban saƙa da kansu suka tsaya kai da fata sai an ba Stölzl shugabancin ɗakin, aka kuwa ba ta. Ita kaɗai ce mace cikin ƙananan gwanayen Dessau. Aikin kammala karatun Anni Albers yadi ne na rufe bangon wani zauren taro a Bernau, fuskarsa tana mai da haske, bayansa yana shanye amsa-kuwa. Wannan ya nuna cewa a hannunsu labule ya wuce ado, ya zama kayan aikin gini.

8.0 Siyasa da Rufe Makarantar

Sau uku siyasa tana tayar da wannan makaranta. A 1924 masu ra'ayin riƙau suka ci zaɓe a jihar, suka rage kuɗinta da rabi, dole ta bar Weimar. A Dessau, Hannes Meyer ya gaji Gropius a 1928, ya mai da hankalin ɗalibai ga bukatun talaka, har suka tsara wa ma'aikata benaye biyar masu gidaje 90. Amma 'yan gurguzu suka yi ƙarfi cikin ɗalibai, magajin gari ya sallami Meyer a 1930. Wanda ya gaje shi, Ludwig Mies van der Rohe, ya kori wasu ɗalibai, ya hana siyasa, ya mai da ɗakunan kwana azuzuwa. Duk da haka bai tsira ba. 'Yan Nazi suka sami rinjaye a majalisar garin, suka rufe makarantar a 1932. Mies ya kwashe ta zuwa wata tsohuwar masana'antar tarho a Berlin. Ranar 11 ga Afrilu, 1933, 'yan sanda suka kewaye ginin suka kama ɗalibai 32. Cikin watan Yuli malamai suka yanke shawarar rushe makarantar da kansu.

Wasu ɗaliban da rayukansu suka biya. Otti Berger, gwanar saƙa, da Friedl Dicker, wadda ta koya wa yara zane a sansanin da aka tsare ta, duka an kashe su a Auschwitz a 1944 saboda Yahudawa ne. Wasu kuwa suka watsu cikin duniya da iliminsu. Albers da matarsa suka tafi Amurka a 1933, Gropius ya koma Jami'ar Harvard a 1937, Moholy-Nagy ya buɗe sabuwar makaranta a Chicago a wannan shekara. Har Nijeriya reshen ya iso: Arieh Sharon, wanda ya yi karatu a Dessau daga 1926, shi ne ya jagoranci tsara harabar Jami'ar Ife daga farkon shekarun 1960, wadda aka sake wa suna Jami'ar Obafemi Awolowo a 1987. A wasu gine-ginenta hawa na sama ya fi na ƙasa faɗi, domin ya yi masa inuwa ya kuma kare shi daga ruwan sama.

9.0 Kammalawa

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa komai na Bauhaus ya yi kyau. Katangar gilashin da ta yi suna a Dessau takan sa ɗakunan aiki su yi zafi da bazara, su yi sanyi da hunturu. Kayan da aka ce don talaka aka yi su, da yawansu da hannu aka ƙera, tsadarsu ta fi ƙarfin talakan. Alkawarin da aka yi wa mata ma an ga inda ya tsaya. Abin da Sharon ya yi a Ife ya isa ishara: tsarin tunanin ya ɗauko, katangar gilashin kuwa ya bar ta inda ya same ta, domin ranar Ife ba ranar Dessau ba ce.

Duk da haka, makarantar da ta yi shekara 14 kacal, wadda ɗalibanta gaba ɗaya ba su wuce kimanin 1,250 ba, ta bar tsarin da makarantun wannan fanni da yawa suka gada: shekarar share fage, aiki da hannu kafin a amince da zane, da aikin gayya a kan gida na gaske. A 1996 Hukumar UNESCO ta sa gine-ginenta na Weimar da Dessau cikin kayan tarihi na duniya.

Ga ɗalibi, abin ɗauka shi ne waɗannan samari da 'yan mata ba su ga ƙasƙanci a riƙe zarto ba, daga cikin waɗanda suka riƙe shi kuma farfesoshin suka fito. Ga ma'aikacin da kasafin wata makaranta yake bi ta teburinsa kuwa, ya dace ya tuna da jami'an da suka rage kuɗin nan a 1924. A ganinsu tattali suke yi wa baitulmali, suna kuma raba garinsu da fitina. A garin nan na Weimar ne aka sa wa jami'a sunan Bauhaus a 1996, aka kuma buɗe sabon gidan tarihi dominta a 2019, shekara 100 cif bayan kafa ta.